Tafintar Malam Ƙamus

"Me yake cewa, Sista?"

Auta ce ta yi tambayar, cokali a hannunta, idonta ya yi ja saboda kuka. Mahaifinta yana kwance a gadon da aka jawo masa zuwa falo, ɓarin fuskarsa na dama ya saki, leɓensa ya karkace, yawu yana gangarowa kan tawul ɗin da aka shimfiɗa masa a ƙirji. Ya sake yunƙurawa, ya fitar da wani sauti irin na wanda ya cika baki da ruwan zafi.

Sista ta sunkuya ta kara kunnenta. Ba don tana bukata ba, tun daga bakin ƙofa ta ji shi sarai. Cewa ya yi a buɗe taga, zafi zai kashe shi.

"Sanyi yake ji," in ji ta. "A ƙara masa bargo."

Auta ta ajiye cokali ta ruga ɗaki, ta dawo da bargo mai kauri ta lulluɓe shi har wuya, ta cusa gefe da gefe. Rana tana tsaka, fanka tana ta juya iska mai ɗumi. Idon tsohon na hagu, wanda ciwon bai taɓa ba, ya tsaya cak a kan Sista. Ita ma ta dube shi, ta gyara masa matashi da hannun wadda ta san aiki, ta ce, "Sannu, Malam. Allah Ya sawwaƙe." Zuciyarta fari ƙal.

Sista ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, kuma rabin rayuwarta a ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki ta ƙarar da shi. A can kunnenta ya goge. Maganar da 'ya'yan cikin mutum za su ji kamar gurnani, ita tana tsince ta kalma-kalma. Da asibiti suka sallamo Malam suka ce a koma gida a ci gaba da kula da shi, wato dai magana ta ƙare, 'ya'yansa biyu suka rasa yadda za su yi da bakinsa. Sun ba shi biro a hannun hagu, ya yi ta zana abin da ko kaza ba za ta yarda nata ba ne. Sun ce ya gyaɗa kai ko ya girgiza, sai ga shi kan nasa rawa yake yi, an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ranar da Auta ta gaji, ta tsallaka 'yar barandar da ta raba ƙofarsu da ta Sista a hawa na biyu na benen, ta ƙwanƙwasa. Yarinya ce ƙarama lokacin da abin ya faru, ba ta san abin da ke kwance tsakanin ƙofofin nan biyu ba.

Sista ta ce ta ji, tana nan zuwa. Ta rufe ƙofa, ta jingina da ita, ta yi dariyar da rabonta da irinta tun mijinta yana da rai. Sannan ta ɗauko tsohon farin takalminta na aiki ta goge shi.

Mutanen benen ne suka sa masa suna Malam Ƙamus, kuma ba don yabo ba. Malamin Turanci ne a makarantar sakandare har ya ajiye aiki, amma ciwonsa ba koyarwa ba ne, tone-tone ne. Bai iya jin kalma ya bar ta ta wuce ba sai ya tambayi uwarta da ubanta. Mai kawo tukunyar gas ya sha tsayuwa a matakala, kaya a kafaɗa, gumi yana zuba, Malam yana yi masa bayanin inda wata kalma ta kwana kafin ta iso Turanci. Masu wayo in sun ji tarinsa daga sama sai su koma ɗaki su jira ya wuce.

Cikin kalmomin duniya kaf, akwai guda ɗaya da ya riƙe kamar 'yar cikinsa, wai ita dragoman. Ko masu harshen ba kasafai suke tuna suna da ita ba. Ma'anarta tafinta, irin wanda matafiya suke ɗauka a zamanin da, ya shige musu gaba a baƙuwar ƙasa, ya zama bakinsu ya zama kunnensu. A falon Malam akwai baƙin allo, ya zana mata tsani da alli. Turanci a ƙasa, samansa tsohon Faransanci, sai Latin, sai Girkanci, sai Larabci, tarjuman, inda yakan tsaya ya ɗaga yatsa ya ce, "Ka ga 'yar'uwar tarjama da muke faɗa kullum, ciki ɗaya suka fito." Daga nan Aramiyanci, daga nan harshen mutanen Akkad, waɗanda suke rubutu a allunan yumɓu. Matakin ƙarshe na can sama ya bar shi wayam, in aka tambaye shi ya ce yana nan tafe. "Babu kalmar da ba ta da uba," yakan ce, "sai dai ragon mai bincike." Sista ba ta taɓa zama ta saurare shi ba, amma bangon benen ba shi da wani kauri, ta haddace tsanin nan kamar ita ta zana shi.

Da a kan kalmomi ya tsaya, da abin ya zo da sauƙi.

Mijin Sista mai gyaran agogo ne, 'yar rumfarsa tana ƙasan benen a bakin titi. Mutum ne mai sanyin murya, wanda in ya maƙala gilashinsa a ido ɗaya ya sunkuya, ko mota ta kife a gabansa ba zai ɗago ba. 'Yarsu ɗaya ce, shi ya sa ake kiranta Tilo. Tilo da babban ɗan Malam, wanda yanzu kowa yake ce wa Injiniya, a matakalar nan suka girma, a nan suka fara son juna, har magana ta kai gaban manya. Sai Malam ya ce a ɗan ba shi lokaci. Ya rataya jakarsa ya shiga mota, ya je ya yi wa maƙwabcinsa abin da yake yi wa kalmomi. Ya sauka garin da mutumin ya ce a can ya tashi, ya tambayi tsofaffi, ya bi ƙofa-ƙofa, har ya dangana da wani gidan marayu. A can wata tsohuwar mai dafa abinci ta tuna jaririn da aka tsinta cikin kwali a tashar jirgin ƙasa.

Sista ta san labarin tun kafin ta aure shi, shi da bakinsa ya gaya mata, ta ce ya sha kuruminsa. Tilo ce ba ta sani ba.

Ranar da dangi suka taru a falon nan, ƙarƙashin allon nan, kofin shayi a gaban kowa, Malam ya gyara murya. "Maƙwabci," ya ce, "na bi asalinka. Mataki ɗaya na taka, tsani ya ƙare. Ni kuwa ba na shigar da abin da ban san tushensa ba cikin gidana." Da murmushi ya faɗa, irin na malamin da ya kama ɗalibi da satar amsa. Tilo tana tsaye a bakin kicin da faranti a hannu. Injiniya ya zuba wa ƙafafunsa ido bai ɗago ba, kuma in ana son gaskiya har yau bai ɗago ba.

Mai agogo ya ajiye kofinsa a hankali, ya yi godiya, ya fita. Labari ya zaga benen ya sauka titi. Ba wanda ya zage shi, tausayinsa aka riƙa ji, ana sassauta murya in ya wuce, abin da ya fi zagi ciwo. Ya fara rufe rumfa da wuri, daga baya ya daina buɗewa, daga baya abinci ma sai an yi da gaske. Likitoci sun ba ciwon suna, Sista ma ta san sunan, amma ta fi sanin wanda ya kashe mata miji. Ta sha alwashi tsakaninta da ranta, ba ta gaya wa kowa ba. Shekara ta kusa ashirin tana jiran ranarta, ba ta taɓa zaton ranar za ta tako da ƙafarta ta ƙwanƙwasa mata ƙofa ba.

Kullum da hantsi take shiga, kuma a ba ta haƙƙinta, aikin jinya ba ta yi masa ha'inci ko kaɗan. Tana juya shi kada gyambo ya kama bayansa, tana goge masa baki, tana duba maganinsa. Ba ta so ya mutu da wuri. Inda take cin kasuwarta shi ne bakinsa. In ya ce a kashe rediyon nan yana fasa masa kai, sai ta ce, "Wai a ƙara sauti, kaɗaici yake ji." Mutumin da tun ƙuruciya bai yarda da sukari a shayi ba, sai da ya riƙa haɗiye shayi mai zaƙi kamar zuma, Auta tana murna Baba ya fara sha'awar abu. Da tsohon abokin aikinsa ya hau benen da sanda, yana haki, Malam ya yi ta kiran a shigo da shi, Sista ta leƙa ta ce, "Ya ce a yi haƙuri, ba ya son a gan shi haka." Da mai benen ya zo, mutumin da Malam ya tsana saboda surutu, ta jawo masa kujera har jikin gado. "Ya ce ka zauna ka ba shi labarin ginin nan tun daga tushe." Mai bene kuwa abin nema ya samu, sai da rana ta karkata ya tashi.

Kan tsohon yana ta rawa, hannunsa na hagu yana dukan katifa. Sista takan ce, "Jijiya ce. Haka ciwon yake sa su." Wa zai ja da Sista? In ta koma ɗakinta takan ci abinci har da ƙari, ta yi barci mai daɗi.

Wata rana da safe Malam ya kafe idonsa a kan kantar littattafansa, wadda ta cinye bango guda tun daga ƙasa har sama. Ya yi doguwar magana, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. So yake a ɗauko masa babban ƙamus ɗin nan mai jan bango, a buɗe, a ɗora masa a ƙirji, ko ƙamshinsa ya ji.

"Baba, me kake so?" Injiniya ya tambaya daga nesa. Ya yi tumbi yanzu, yana da mata da 'ya'ya a wani gari, kuma tun da ya zo bai yarda sun haɗa ido da Sista ba.

"Littattafan nan ne," Sista ta ce, ta yi ajiyar zuciya. "Ƙurarsu tana shaƙe shi. Ya ce a fitar da su duka, ba ya son ganinsu."

"Littattafansa?" Auta ta zaro ido. "Baba fa ko taɓa su ba ya bari a yi."

"Ke yarinya ce. In tafiya ta matso, mutum yakan tsani abin da ya ɗauke masa hankali a duniya. Na ga irin haka ba adadi."

Injiniya, wanda dama yake tunanin yadda zai yi da tarkacen nan in ta Allah ta kasance, bai ɓata lokaci ba. Kafin rana ta take, ga masu sayen tsofaffin takardu su biyu da buhuna. Suka riƙa kwaso littattafan da hannu bibbiyu suna ɗurawa, suna dannawa da ƙafa don buhu ya ci da yawa. Ƙamus mai jan bango bai shiga ba saboda kauri, ɗayansu ya kama shi ya raba biyu a gwiwa. Malam ya saki wata ƙara da ta sa Auta toshe kunne.

"Sista, me ya ce?"

"Ya ce a yi sauri."

Aka goge allon ma, tunda ƙurar alli ita ma ƙura ce. Sista da kanta ta jiƙa tsumma ta share tsanin daga ƙasa zuwa sama, mataki-mataki, ba ta gaggawa, ta tsaya ta yadda zai gani da idonsa mai kyau. Rabonta da jin daɗi irin na ranar har ta manta.

Washegari da la'asar Auta ta fita sayen magani, Injiniya yana matakala yana faɗa da wani a waya. Falon ya yi faɗi, kantar ta zama wayam, sai alamar inda littattafai suka zauna. Sista tana matse tawul a roba, sai ta ji ya yi magana, a hankali, yana jan kowace kalma kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi.

"Na san abin da kike yi."

Ba ta waiwaya ba. "Na san ka sani, Malam. Da ba ka sani ba ai da ba daɗi."

Numfashinsa yana ta ƙara. Ta zaci zagi zai biyo baya, ta ma gyara tsayuwa tana jira, don ta daɗe tana son ta ji ya zage ta ya rasa wanda zai kai wa ƙara.

"Kira min Tilo."

Tawul ɗin ya tsaya a hannunta. Ta juyo.

"Kada ka ƙara sa sunan 'yata a karkataccen bakin nan."

"Akwai abin da zan gaya mata. Da bakina." Ya huta. Yawu ya zubo, ba ta goge ba. "Kalmar nan. Na bi ta har ƙarshe. Na daɗe da sani, na ƙi faɗa. Daga mutanen yumɓu ba a san inda ta fito ba. Masana sai hasashe. Ba a san ubanta ba."

"To, sai me? In yi guɗa?"

"Shekaru dubbai tana yawo. Ta shiga fadar sarakuna, ta shiga kasuwa. Ba wanda ya tare ta a ƙofa." Idonsa ya ciko. "Mijinki mutum ne. Ya fi ni. Ni ne ban iya karatu ba. Ki kira ta in faɗa mata."

Da a labarin da ake ba yara ne, a nan zuciyar Sista za ta karye. Ita kuwa wani abu ne ya taso mata tun daga ciki, mai zafi, har kunnuwanta suka ɗauki ɗumi. Ta matso da kujera, ta zauna dab da fuskarsa, ta yi ƙasa da murya.

"Au, sai yanzu? Sai da littafi ya gaya maka? Mutumin da kuka yi shekara da shekaru kuna gaisawa safe da yamma, wanda ya goya ɗanka a wuya ya kai shi asibiti ranar da ya faɗo daga matakalar nan, duk wannan bai ishe ka shaida ba, sai wata matacciyar kalma ce za ta wanke shi? Ka raina mu, Malam. Har a tubanka raini ne." Ta ɗauki tawul ta goge masa baki, tsaf, har gefen haɓa. "So kake ka sauke kayanka a kan 'yata ka tafi sakayau. Ba za ka samu ba. Shi da nasa ya tafi a ciki, bai gaya wa kowa ba. Kai ma da naka za ka tafi."

Ƙofa ta buɗe, Auta ta shigo da ledar magani. Ta ga hawaye a kumatun mahaifinta, ta ga Sista a kusa da shi da tawul, ta ce, "Allah Ya saka miki da alheri, Sista. Ban san yadda za mu yi ba da ba ke."

"Haba, ai maƙwabtaka ce," in ji Sista.

Daga ranar bai ƙara neman taga ko ruwa ko wani abu ba. Magana ɗaya ya riƙe. Duk wanda ya shigo, ya kafe shi da ido ya maimaita, a kira Tilo, a kira Tilo. Muryar tana raguwa, maganar ba ta canzawa. Har Injiniya, da kunnensa na katako, ya tsaya wata rana ya karkata kai.

"Sista, kamar sunan mutum yake kira."

Sista ta juyo. Ta dube shi ido cikin ido, karo na farko tun zuwansa.

"Marigayiya mahaifiyarku yake kira. Haka suke yi in lokaci ya kusa."

Injiniya ya yi saurin gyaɗa kai ya fita baranda. Sista ta lura da saurin, ta gane ko ya ji wani abu ba ya so ya ji. Auta kuwa ta ciro hoton uwarsu daga bango ta jingina shi a kujera inda Baba zai riƙa gani.

Tilo tana wani gari mai nisa, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Ba ta yi aure ba. Manema sun zo, na kirki ma, amma da magana ta fara nauyi sai ta nemi dalili ta sallame su. Duk ƙarshen mako takan bugo waya. Wannan karon Sista ta ce mata ƙafarta ta yi sauƙi, an gyara famfo, kayan miya sun yi tsada. A ƙarshe, kamar abin da ta kusa mantawa, ta ce na ƙofar can ba ya jin daɗi. Tilo ta ce Allah Ya ba shi lafiya, suka yi sallama.

Wata rana da hantsi Malam ya cika, rana tana shigowa ta tsakanin labule. Auta tana kicin, Injiniya ya tafi aski. Sista ce kaɗai a kansa, ta ga numfashin ya canza, ta san irinsa. Ya buɗe idon nan ɗaya ya dube ta, leɓensa ya motsa, ba sauti, amma ta karanta. Ita ma ta dube shi ba ta ƙifta ba, ta girgiza kai a hankali, don ya tafi da amsarsa. Ya ja numfashi, ya saki, bai sake ja ba. Ta duba jijiyar wuyansa, ta shafe masa ido, ta miƙe masa ƙafafu, ta gyara bargo. Sannan ta kira Auta da muryar da ta saba kiran dangin marasa lafiya.

Ta yi nasara, kuma ba ta yi wa kanta ƙarya ba, ta ji daɗinta. Aka yi jana'iza, mutanen benen suna ta yabonta, wai ga mace mai yafiya, bayan duk abin da ya faru ita ce a kansa har ƙarshe. Ta riƙa sunkuyar da kai tana cewa ai duniya ba wurin zama ba ce.

Kwana kaɗan bayan haka, da yamma, sai ga Tilo a bakin ƙofa da 'yar jakarta, ba sanarwa. Ta rame, furfura ta fara leƙowa a gaban goshinta. Ta ce Auta ce ta nemi lambarta ta gaya mata. Ta tsallaka ta yi musu gaisuwa, ba ta daɗe ba ta dawo. Ta dubi kan uwarta ta ce, "Umma, wannan gashin yaushe rabonsa da mataji? Zauna."

Sista ta zauna a ƙasa a kan darduma, Tilo ta hau kujera a bayanta, ta sa ta tsakanin gwiwoyinta, ta warware mata kai. Ta lakato mai ta murza a tafin hannu, ta fara tajewa daga ƙasa, a hankali, tana riƙe tushen gashin don kada ya yi zafi. Ta taga ana jin motoci da muryar mai sayar da lemo.

"Auta ta ce ke kaɗai kike jin maganarsa."

"Haka ne."

Mataji ya ci gaba da tafiya.

"Umma, bai ce komai ba? A kan Baba?"

Sista ta zuba wa bango ido.

"Kin san abin dariya?" Tilo ta ce, muryarta ba dariya a ciki. "Na san Baba mutumin kirki ne. Ke kin faɗa min, kowa ya faɗa min, ni ma na sani. Amma duk wanda ya zo da maganar aure, da na ji an ce iyayensa za su zo, sai in ga falon can, in ga farantin a hannuna. Sai in ji ba zan iya sake tsayawa a wurin ba." Ta tsaga gashin ta koma ɗaya gefen. "Shi ya ɗora min abin nan. Na daɗe ina jin shi kaɗai zai iya sauke min. Ba wai ya roƙe ni gafara ba. Ya dai ce, da bakinsa, ba haka ba ne. Da kika ce ba shi da lafiya na haɗa jaka, na ajiye ta a bakin ƙofa, ina cewa ko zai aiko. Wallahi da ya kira ni, ko da rarrafe da na zo."

Maganar tana nan a bakin Sista, cikakkiya, kalma-kalma, har da inda ya tsaya ya huta. Ba abin da ta manta. In ta buɗe baki za ta iya ba 'yarta duka. Amma Tilo ba yarinya ba ce, za ta tambaya yaushe ya faɗa, za ta tambaya ko ya neme ta, sau nawa, kuma wa ya hana. Sista ta ji ɗumin gwiwoyin 'yarta a kafaɗunta, ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko ranar da mijinta ya rasu. Ita kenan gare ta.

"Umma?"

"Ruwa kawai yake ta nema," Sista ta ce. "Daga ruwa sai a gyara masa kwanciya."

Matajin ya tsaya a tsakiyar kanta. Ya daɗe a tsaye. Wani abu mai ɗumi ya ɗiga a bayan wuyanta, ya gangara cikin riga.

"Dama na sani," Tilo ta ce. "Ki daina motsi, Umma, na kusa gamawa."

Ta ƙarasa tajewar, ta kama gashin gida biyu ta kitse shi sako-sako yadda ba zai dame ta wajen kwanciya ba. Sannan ta zare farin gashin da ya maƙale a haƙoran mataji, ta murza shi tsakanin yatsunta har ya dunƙule, ta ajiye a bakin taga, ta tashi ta shiga wanke hannu. Sista tana zaune a inda take, tana jin ƙarar ruwa a famfo. Iska ta shigo ta tura ɗan dunƙulen gashin, ya mirgina zuwa ƙarshen dakalin tagar, ya tsaya.